Abin Wuyan Mai Tabo

Ladan bai farka ba tukuna sa'ad da Makau maharbi ya fito daga ɗakinsa a Tungar Barde. Ya ɗura wa bindigar tokarsa albarushi, ya danna harsashi da tsumma, ya gwada kunama ya ji tana tafiya yadda yake so. Ya ɗaura warki bisa wando, ya soke adda a ƙugu, ya rataya gorar ruwa. Matarsa Kande ta miƙo masa ƙullin ƙuli-ƙuli, ba ta tambayi inda za shi ba, don ta ji abin da aka faɗa a zaure jiya da yamma. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam." Ya amsa, ya fita.

A gindin tsamiyar bakin gari motar ma'aikatan gandun daji tana jiransa. Dakta Ladidi, likitar dabbobin da ke binciken zakunan dajin Burwaye, tana zaune a gaba rungume da jakar kayan aikinta. Ita ce ta kawo masa labarin: abin wuyan Mai Tabo ya daina motsi.

Mai Tabo zakanya ce, kuma a iya sanin kowa ita kaɗai ce mace mai haihuwa da ta rage a dajin nan. Daminar bara Makau ne ya bi sawunta har ya kai likitar inda take shan ruwa, aka harbe ta da allurar barci, aka ɗaura mata abin. Wata ɗamara ce mai kauri, da ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin maƙogwaro. Abin nan yana aika wa kwamfutar likitar inda zakanyar take ta hanyar tauraron ɗan'adam, yana auna yawan motsinta da zafin jikinta, yana kuma fitar da wata 'yar ƙara da ba a jinta sai da eriya. Ranar da aka ɗaura shi ran Makau bai so ba. Gani ya yi an mayar da sarauniyar dawa tunkiyar gida. Amma da likitar ta fara kiransa yana kallon zanen yawonta a allon kwamfuta, sai ya riƙa gyaɗa kai. Shi da ya tsufa a dajin nan bai taɓa sanin zaki yana ƙetare kogin Burwaye da iyo ruwa na cike ba, sai da ya ga layin Mai Tabo ya ratsa kogin ya komo. Tun tsakiyar rani kuma layin ya sake hali. Duk inda ta je sai ta dawo Duwatsun Kogo. Su biyun suka fahimci abu guda: ta haihu.

Yanzu ga shi abin ya ce ta kwanta wuri ɗaya tun shekaranjiya, kuma jikinta ya yi sanyi.

Inda hanyar mota ta ƙare suka yi sallar asuba, suka bar direba da motar, suka shiga daji a ƙasa. An yi yayyafin farko cikin makon, ƙasa ta yi laushi, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa a gindin busasshiyar gamba. Makwarwa na kuka daga fako, can nesa burtu yana gurnaninsa. Makau na gaba, yana ɗan duƙawa yana duba ƙasa. Ga sawun gwanki, ga inda mugun dawa ya tona saiwa, ga kashin kura fari fat a kan dutse. Likitar na biye, hular kwano a ka, ɗankwali a ƙarƙashi, takalmanta masu nauyi suna murƙushe ƙirare. A kan wani tudu ta tsaya, ta buɗe eriya, wani ƙarfe mai haƙarƙari, ta ɗaga shi sama tana juyawa sannu a hankali. Rediyon da ke rataye a wuyanta sai shuu yake yi. Da ta fuskanci gabas maso kudu sai ƙarar ta fito, siririya, kit-kit-kit-kit, da sauri kamar zuciyar tsuntsu a tafin hannu.

Makau ya san ƙarar nan, amma da can a hankali take bugawa. Ya ce, "Likita, yau me ya sa take gaggawa?"

Ta sauke eriyar ta ce, "Haka aka yi shi, Baba. In dabba ta daɗe ba ta motsa ba sai ya sauya bugu. Amma wani lokaci abin ne ke tsinkewa ya faɗi, dabbar na can lafiya lau."

Ya ce, "Allah ya sa." Ya wuce gaba.

Suka ratsa kurmin doka, suka gangara wani kwazazzabo, suka hau. Rana ta ɗaga, zafi ya fara dukan ƙeya. Tun kafin hancinsa ya kama komai Makau ya ji abin da bai gamshe shi ba: sama ta yi tsit. In mushe na kusa, kamata ya yi a ga ungulaye suna shawagi. Babu ko ɗaya. Sai da suka zagaya wani ƙaton itacen marke ya gan su, ba a sama ba, a ƙasa. Ungulaye ne birjik, wasu a kife fukafukai a shimfiɗe, wasu sun dunƙule ƙafafu, wuyansu a lanƙwashe. Ɗaya tana da sauran rai, tana buɗe baki tana rufewa. Ga dila ya miƙe a gefe, kumfa ta bushe a bakinsa. A tsakiya kuwa ragowar wata saniya ce fara, an ci cinyoyinta da ciki. Ƙudajen da suka sauka a kanta ma sun mutu, sun yi baƙi a kan fatar kamar an watsa gawayi.

Likitar ta rufe hanci da gefen ɗankwali, ta sa safar hannu, ta durƙusa. A cikin naman akwai wasu ƙwayoyi masu shuɗi-shuɗi. Ta ce, "Maganin ƙwarin gona ne. An tsaga naman an zuba."

Makau ya zagaya wurin yana karanta ƙasa. Labarin a bayyane yake. Nan garke ya ratsa, nan zakanya ta kayar da saniyar, ta ci, ta tafi. Bayanta wani mutum mai takalmin roba ya zo ya tsuguna a gindin mushen, ya daɗe, ya tashi. Daga baya zakanyar ta dawo cin saura. Makau bai zagi mutumin ba. Ya san yadda saniya take a zuciyar mai ita. Amma ya dubi tarin tsuntsayen nan da ba su ci wa kowa komai ba, ya kau da kai.

Ba za a bar wurin haka ba, don duk abin da ya ci sai ya bi su. Likitar ta yanki ɗan nama ta sa a kwalba, sannan suka shiga jan itace. Makau ya sassaro busasshiyar ƙirya da adda, suka tara saniyar da dilan da ungulayen wuri guda, ya ƙarasa mai sauran ran don kada ta ƙone da rai, suka cinna wuta. Suka tsaya ta inda iska ba ta kai musu hayaƙin ba har wutar ta kama sosai, sannan suka ɗauki sawu.

Da farko tafiyar Mai Tabo daidai take, taku mai faɗi, ta miƙe sak wajen Duwatsun Kogo. Can gaba takun ya fara gajarta. Ga inda ta tsaya ta amayar, ciyawar wurin ta kwanta. Ga inda ƙafar baya ta fara jan ƙasa. Ga inda ta faɗi ta birgima, ta kafta ƙasa da farata, ta sake tashi. Makau yana bi yana jin kamar a jikinsa. Ƙarar rediyon likitar kuwa sai ƙaruwa take yi, ita da sawun bakinsu ɗaya.

Suka hau wani ɗan tudu mai tsakuwa. Daga nan ana hango Duwatsun Kogo sarai, baƙaƙe, jibge bisa juna, da itatuwan ɓaure a tsakaninsu. Tazarar ba ta fi a yi kira a ji ba. A nan zakanyar ta kwanta, kanta na fuskantar duwatsun. Shaidar ƙirjinta da haɓarta na nan a ƙasa, har da inda yawu ya zuba ya bushe. Ta daɗe a wurin. Da ta tashi kuma ba ta ƙarasa ba. Sawun ya juya, ya ba duwatsun baya, ya gangara yamma.

Makau ya tsaya yana kallon juyin nan. Ya ce, "Likita, zo ki gani. Ta iso ƙofar gida, ta koma."

Ta zo ta duba, ta ɗaga eriya. Ƙarar ma yamma ta nuna.

A bakin wata ƙorama suka same ta, can ƙarƙashin geza. Ta kwanta a gefe guda, ƙafafun gaba a miƙe, tsohon tabon da ya ratsa hancinta yana nan yadda Makau ya san shi. Kuraye ba su taɓa ta ba tukuna. Nonuwanta a cike suke, gashin kewayensu ya yi duhu saboda tsotso. Likitar ta durƙusa ta ɗora hannu a kafaɗarta, ta daɗe a haka. Sannan ta ciro ɗan sifana daga jaka ta kwance kusoshin abin wuyan. Makau ya tallafe mata kan zakanyar. Da ɗamarar ta fita sai ga gashin wuyan a kwance, ya yi santsi, ya fi sauran jikin haske.

Makau ya tuɓe hularsa. A gidansu ba a barin zaki ya tafi ba a yi masa sallama ba, ko kai ka kashe shi ko samun gawarsa ka yi. Ya tsaya ta wajen kanta, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mai Tabo, ta bakin kogi, mai ƙetare ruwa ba kwalekwale. Kin sha gaban bauna, kin kwana a fili ba shinge. Ba kibiya ta kayar da ke ba, ba mashi ba. Sauka lafiya, uwar dawa."

Ita ma suka tara mata itace suka ƙone ta, don gubar da ke cikinta kada ta wuce ga wasu. Lokacin rana ta karkata. Likitar ta sa abin wuyan a jaka, ta goge fuska ta ce, "Baba, 'ya'yan. Ko ɗaya ne ya rage da rai ina so in kai shi inda za a raine shi."

Ya ce, "Mu je. Amma kin ga duwatsun nan, kogo ya fi a ƙirga."

Ta ciro wayarta ta nuna masa taswirar da ta sauke. Ɗigo-ɗigon inda zakanyar ke kwana sun taru sun yi cunkus a gefen arewa, gindin wani tsagaggen dutse. Ba don wannan ba da sai su wuni suna leƙen ramuka. Suka nufi can, suna bi ta inda iska ke busowa fuskarsu.

Hanyar ta matse tsakanin dutse da sarƙaƙiya. Gwaggon biri ya yi haushi daga sama, ya yi shiru. Makau ya rage tafiya. Warin zaki ya cika wurin, kuma ba tsohon wari ba ne. Ya duƙa kan wani ɗan yashi da ruwan sama ya tara. Ga sawun 'ya'ya ƙanana sun tattake wurin, na yau ne. A bisansu kuwa ga wani babban sawu na mace, ya fi na Mai Tabo faɗi, yatsa ɗaya na ƙafar hagu babu shi. Gefen sawun bai ko bushe ba. Ga kuma shaidar an ja wani abu mai nauyi an shiga da shi tsagin dutsen.

Ya miƙa hannu baya ya tsayar da likitar. Kafin ya buɗe baki iska ta juya, ta bugi bayansu, ta ɗauki warinsu ta kai ciki.

Gurnanin ya fito daga ƙarƙashin dutsen, mai kauri, har ana jinsa a tafin ƙafa. Sarƙaƙiya ta tsage. Zakanya ta fito a guje, ƙasa-ƙasa, kunnuwa a liƙe, wutsiya na dukan iska. Makau ya ɗaga bindiga ya ja kunama baya, ya ce, "Kada ki gudu! Ko me ya faru kada ki gudu!" Ya ji hannun likitar ya damƙi rigarsa ta baya.

Bakin bindigar na kan ƙirjinta. Harbi ɗaya gare shi, kuma a wannan kusancin ba zai kuskure ba. Yatsansa ya kwanta kan kunama. A daidai nan ya hango bayanta, a bakin tsagin, wasu kawuna biyu masu dabbare-dabbare suna leƙowa, bakinsu ja da jinin nama. In ya harba, ya kashe uku. In bai harba ba kuma ta ƙaraso, 'yar mutane ce a bayansa. Ya cije haƙora, ya kafa ƙafafu, ya riƙe yatsan.

Ta taho har yana ganin ƙudan da ke gefen idonta, sannan ta turje da ƙafafun gaba. Tsakuwa da yashi suka watso masa a ƙwauri. Ta buɗe baki ta yi ruri a fuskarsa, warin ɗanyen nama ya buge shi. Tsohuwa ce tukuf. Gashin fuskarta ya yi fari, fiƙa ɗaya a karye, haƙarƙarinta a waje, nonuwanta sun bushe sun manne da ciki. Wuyanta babu komai.

Makau bai kalli ƙwayar idonta ba, ya tsayar da dubansa a ƙirjinta. Ya fara yi mata magana a hankali, yadda ake lallashin doki mai tsoro. "Yi haƙuri, Iya. Ba mu zo ɗauka ba. Mun ga kina nan. Yi haƙuri." Ya ja ƙafa ɗaya baya, likitar ta ja tata. Zakanyar ta sake zaburowa taku biyu, ta tsaya, wutsiya na kaɗawa. Suka daskare. Gumi ya gangaro masa cikin ido, bai share ba. Da gurnanin ya ɗan sassauta suka sake ja. Haka suka riƙa yi, da baya da baya, har sarƙaƙiya ta shiga tsakaninsu. Abin da ya gani na ƙarshe shi ne tsohuwar ta juya tana ɗingishi, ta sa hanci ta tura 'ya'yan ciki, inda ƙafar wani mugun dawa ke leƙowa daga inuwa.

Ba su tsaya ba sai da duwatsun suka koma bayan kurmi. A gindin wata kanya likitar ta zauna daɓas. Makau ya sauke kunamar bindiga a hankali. Ya miƙa mata gora, ta sha, ya sha.

Ta ce, "Baba, wace ce wannan? Mun kafa kyamarori a kowane mashayi na dajin nan. Ba ta taɓa fitowa a ko ɗaya ba."

Ya girgiza kai. "Ni ma ban san ta ba. Sawu mai yatsa uku ba ya ɓata wa maharbi, da na taɓa gani da na tuna. Tun ina bin mahaifina nake taka dajin nan, ban taɓa cin karo da shi ba."

"Ko uwar Mai Tabo ce? Ko yayarta?"

"Allah ne masani. Ta dai zo, 'ya'yan sun sami mai riƙonsu." Sannan ya ce, "Abin nan na jakarki, zai faɗa miki dalilin da ya sa ta juya a kan tudun can?"

Likitar ta ciro abin wuyan ta ɗora a cinya. Ta ce, "Zai faɗa mini lokacin da ta kwanta, da daɗewar da ta yi, da yadda zafin jikinta ya hau ya sauka. Mai yiwuwa ƙishirwa ce ta ja ta ƙorama, gubar nan tana sa haka. Mai yiwuwa kuma ba ta so ta kai musu abin da ke jikinta. Wannan kam ba ya cikin abin da yake aunawa."

Rediyon da ke wuyanta yana ta bugawa tun ɗazu, kit-kit-kit, yanzu da ƙarfi don abin na kusa. Makau ya ce, "A huta da shi haka nan, Likita. Mai shi ta tafi."

Ta laluba jaka ta ciro wani ɗan mayen ƙarfe, ta nuna masa wani ɗan gurbi a jikin baƙin akwatin. Shi ya karɓa ya ɗora da hannunsa. Ƙarar ta ɗauke.

Suka tashi suka kama hanyar mota, rana na gangarawa bayan itatuwan doka, hayaƙin wuta biyu na tashi siriri a bayansu. Sun yi nisa sa'ad da ruri ya taso daga wajen Duwatsun Kogo, muryar tsohuwa, a dushe, tana jan numfashi tsakanin kira da kira. Makau ya tsaya ya saurara ko wani zai amsa mata daga wani gefen dajin. Ya daɗe a tsaye. Babu wanda ya amsa. Ya gyara bindiga a kafaɗa, suka ci gaba da tafiya.